Rabin Sunan Kailu

Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar Filinge a kan keke ya san Kailu, ko da bai san sunansa na gaskiya ba. Shi ne dogon mutumin nan mai facin taya a gindin itacen bedi, wanda in ka kawo masa taya sai ya gama yi maka faɗa kafin ya taɓa ta. Ni Laraba, taubashiyarsa ce. Uwarsa Habsa ƙanwar babana ce, don haka ina da ikon in zage shi ko a gaban liman, kuma ban taɓa barin ikon nan ya yi tsatsa ba. Amma yau ba zagi ya kawo ni ba.

A Tungar Sahabi aka haife mu, wani ɗan ƙauye a gefen hanya, gero gabas gero yamma. Kailu ɗan fari ne, kun kuwa san yadda ake yi da ɗan fari a ƙasar Kurfai. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta zama inda ake yabonsa. Kunya ke nan, kuma Gwaggo Habsa ta riƙe ta da hannu biyu. Ana yaye shi kakarmu ta ɗauke shi, ya tashi ɗaki ɗaya da mu, yana kiran uwarsa Yaya kamar yadda ya ji ƙannenta na kira. Ita kuwa in abin ya zama dole sai ta ce "wancan". Ko wani Kailu daban ne ya zo sayen ƙuli-ƙulinta, "mai sunan wancan" take ce masa.

Kada wani ya ce ba ta son sa. Ni aka fi aika, ni na sani. In ta dama fura ta kan kwashe mai kaurin ta zuba a ƙaramar ƙwarya, ta ce, "Laraba, kai ma wancan, kar ki ce ni na ba da." Ni ma da shegen baki, kafin in ajiye ƙwaryar na faɗa. Shi kuma sai ya shanye, ya lashe ludayi.

Sai dai Allah ya yi shi mutum mai farawa da zafi. An sa shi lakwal, makarantar boko ke nan, ya yi rabi ya gudu. An kai shi wurin tela, ya iya yanka wando, bai tsaya ya koyi ɗinka aljihu ba. Da ana ɗaukar soja ya tafi Yamai, ya kai har ƙofar bariki, ya ga yadda ake sa mutane tsallen kwaɗo a rana, ya juyo. Can ya zauna bakin kogi yana sauke kabewa daga jiragen ruwa, Zabarmawa suka koya masa iyo, ya dawo gida da keke da ɗan Zabarmanci a baki. Ya fara gina ɗaki, gini ya kai ƙirji, ya bar wa awaki suna kwana ciki. To me kuke so gari ya kira shi? Aka cire wutsiyar sunansa aka liƙa wata, ya zama Kai-rabi. Yara, manya, har mai unguwa, kowa Kai-rabi.

Wata rana yana ɗaure buhun gishiri a bayan keke zai kai kasuwar Bonkuku, na tsaya ina tsokanarsa kamar kullum. Sai ya ce, "Laraba, kin lura da wani abu? Gari na kirana da rabin suna, Yaya kuwa ko rabin ba ta faɗi. Ni dai kafin in mutu ina son in ji sunana cikakke, daga bakin da ya kamata." Ya yi dariya, amma ni ban yi ba. Wallahi tausayinsa ya kama ni.

Wannan zamanin soja ne, lokacin da ƙungiyar matasa ta samariya ke tashe, kowane gari na neman abin da zai nuna. Akwai wani malamin wasanni a Filinge, Mushe Tahiru, don Mushe ake ce wa malaman lakwal, siriri mai usur a wuya, wanda bai iya zama wuri ɗaya ba. Shi ya zo da labarin wani tsere da ya ce Nasara na yi a ƙasarsu: mutum ɗaya ya yi iyo, ya fito ya hau keke, ya sauka ya yi gudu, duk a yini guda ba hutawa. Kumandan da ke mulkin garin ya ji, abin ya yi masa daɗi, ya ce a yi. Sunan da Mushe ya faɗa ba wanda ya iya maimaita shi, sai mata suka ce ai murhu ke nan, duwatsu uku tukunya ɗaya. Tseren Murhu ya bi shi har yau.

Mutane sun yi dariya har da riƙe ciki. Bakurfe da iyo? Mu da ruwan da muka sani na rijiya ne, sai tafki in damina ta yi kyau? Waɗanda suka shiga ba su da yawa: 'yan sojoji, manyan 'yan lakwal, sai Kailu. Na ce masa, "Kai da ba ka gama abu ɗaya, uku za ka haɗa?" Ya ce in zo in gani.

Aka sa ranar a ƙarshen damina, tafki na cike, gero ya sunkuya. Za a ƙetare babban tafkin da ke bayan gari, a hau keke a bi jar hanya wajen Bonkuku a juyo, a ajiye kekuna a wani ƙauye, sannan a biyo hanyar gonaki da ƙafa har Filinge. Hanyar ƙafar nan ta gefen Tungar Sahabi ta ratsa. A kowace mararraba Mushe Tahiru ya sa an zuba toka a ƙasa, an ja ta kamar kibiya, don mai gudu ya san inda zai bi.

Kai, jama'a, ranar na ga abin mamaki. Aka busa usur, maza suka faɗa ruwa suna bugun juna, wasu tun ruwa bai kai musu wuya ba suka juyo suna tari. Kailu kuwa ya miƙe sumul, hannu na bin hannu, ya fita a ƙetare tun sauran na tsakiya. Na yi guɗa har muryata ta dushe. A keke ma ba wanda ya ga ƙurarsa, mutumin da ya saba jan buhun gishiri yau ga shi ba kaya. Labari ya riga shi isowa gari cewa Kai-rabi ne a gaba. Duk muka ɗunguma filin da za a ƙare, ƙauyenmu kaf, aka bar tsofaffi da kaji.

Gwaggo Habsa ba ta zo ba. Ina uwa za ta je kallon ɗan fari? Ta ce ita gona za ta, roron wake. Na san waken nan, ko nuna bai yi ba. Amma gonarta tana daidai mararrabar da hanyar Filinge ta rabu da burtalin shanu, kuma ta nan masu tsere za su wuce.

Abin da ba wanda ya lissafa shi ne shanu. Da hantsi garke ya bi ta wurin, ya tattake tokar nan tas. Kailu ya iso shi kaɗai, rana a ka, ido ya rufe da gajiya. Ku ce ai ƙauyensu ne, ya san hanya. Ya sani mana! Amma an ce musu toka za su bi, ba saninsu ba, kuma ƙafar shanu ta ja ragowar tokar ta yi cikin burtali da ita. Ya ga fari-fari a can, ya bi.

Gwaggo na tsaye cikin wake, ita ta ga inda aka zuba tokar da safe. Ta buɗe baki. "Kai!" ta ce. "Kai! Kai!" Ta kwance mayafi tana kaɗawa. Shi kuma ya waiwayo ya ga uwarsa, matar da tun da aka haife shi ba ta taɓa ɗaga murya ta wajensa ba, tana kaɗa mayafi tana kai, kai. Me zai ɗauka? Ya ɗauka kirari take masa, cewa take ya kai, ya kai. Daɗi ya cika shi, ya ɗaga mata hannu, ya ƙara wuta. Ya yi ta gudu cikin burtali har sai da ya hango wata ruga ta wajen Tondikandiya, sannan jikinsa ya ba shi.

Wani soja ne ya ci tseren. Kailu sai bayan la'asar ya shigo gari a kan jakin wani Bafillace, ƙafa duk ƙarangiya. Ba sai na faɗa muku abin da gari ya yi da wannan ba. Har waƙa 'yan mata suka yi masa a dandali, kuma na mari biyu daga cikinsu, ban yi nadama ba. Taubashina ne, ni kaɗai ke da wannan ikon.

Washegari na tarar da Gwaggo a bakin rijiya, guga a hannu, ba ta jefa ba. Ba ta dube ni ba ta ce, "Na gan shi. Na buɗe baki, rabi ya fito, rabi ya tsaya nan." Ta taɓa maƙogwaronta. "Da na ƙarasa da ya tsaya, don ya san ba ni kiran shi a banza." Raina ya ɓaci, na ce, "Haba Gwaggo! Ba kowa a wurin fa, ke da Allah ne kawai!" Ta ce, "To ai shi nike jin kunya, ɗiyata, shi da ya ba ni wancan." Na karɓi gugan na ja mata ruwa.

Na kai wa Kailu maganar, ina ganin za ta sanyaya masa rai. Yana zaune yana cire ƙaya da allura. Bai ɗago ba ya ce, "Ashe ba yabona take ba." Ya ci gaba da cire ƙayarsa.

Ba a sake tseren ba, don an ɗauke Mushe Tahiru zuwa wani gari. Kailu ya kafa teburin faci a gindin bedi, ya auri Mariama, suka haifi 'ya'ya. Wannan kam ya riƙe, ban san ko gajiya ce ko hankali ba. Soja suka tafi, farar hula suka zo, soja suka dawo, suka sake tafiya, shi yana nan yana nitsa tayoyi cikin kwanon ruwa yana neman inda ke kumfa. Furfura ta fito masa. 'Ya'yan da aka haifa bayan tseren ma Baba Kai-rabi suke ce masa, ba su san suna da wani ba. Gwaggo ta tsufa, ta rage tsawo, tana nan da "wancan" ɗinta, fura mai kauri kuma ba ta fasa zuwa ba, sai dai jikoki ke kaiwa.

Sai ga Mushe Tahiru ya yi ritaya ya dawo, usur ɗin nan na wuyansa. Lokacin an fara zaɓen magajin gari, sabon da aka zaɓa na son abin da zai tara jama'a. Aka ce za a tayar da Tseren Murhu. Samari suka cika gindin bedi da kekuna, kowa na son a ɗaure masa birki a shafa wa kaca mai. Ina da rumfar abinci kusa da shi, don haka duk abin da yake gaya musu a kunnena ne.

"Kar ku faɗa tafki kamar tumaki," in ji shi. "Bakin ruwa laka ce, tana riƙe ƙafa, mai gaggawa nan zai bar numfashinshi. A tsakiya ba ku ganin komi, ruwan ja ne. Ku riƙa ɗaga kai kuna neman babban gawon da ke ƙetare, shi za ku nufa. Wani zai harbe ku da ƙafa, ba da gangan ba ne, kar ku tsaya ramawa. In kun fito ƙasa za ta yi ta juyawa da ku. Ku tsuguna, ku cire matsattsaku, sannan ku nemi keke."

Wani ya ce ai keke ne mai sauƙi. Kailu ya harare shi. "Mai sauƙi? Jar hanyar nan haƙarƙari gare ta, za ta girgiza ka har haƙoranka su yi tsami. Da tafiya iska na bayanka, ka ɗauka ƙarfinka ne. Jira ka juyo. Inda rairayi ya cinye hanya ka sauka ka tura, ba wanda ya taɓa kayar da yashi da girman kai. Ka sha ruwa tun ba ka ji ƙishi ba, ka jefa dabino a baki tun yunwa ba ta yi sallama ba. Kuma duk wannan sharar fage ce, tseren sai an aje keke yake farawa. Ƙafafun da za ka sauka da su ba naka ba ne, na wani tsoho ne anka ara maka. Ka lallashe su. Rana ta take, ƙarangiya na cizon ƙwauri, sai wata murya ta zo kunnenka ta ce, zauna kaɗan mana, wa ya aike ka? Kar ka amsa mata. In kun zo mararraba kuma, ku tsaya ku tambaya."

Ana saura kwana kaɗan na ga yana gyara tsohon kekensa. Na ce, "Wa zai hau wannan gawar?" Ya ce shi. Na dafa ƙirji. "Kai Kailu, ka ji tsoron Allah! Da jikoki a hanya? So kake a kwaso ka a amalanke, a ƙara maka wani sunan?" Ya ce, "Wanda nike da shi ma ai ba nawa ba ne." Na yi faɗa, Mariama ta yi kuka, ko a jikinsa.

Wannan karon an yi wayo. Ba toka, mutane aka tsayar a kowace mararraba, aka ce matan kowane ƙauye su fito da ruwa. Mu aka ba mararrabar burtali. Muka jera tuluna a inuwar aduwa, muka zauna. Can sai ga Gwaggo Habsa na tahowa da sanda, wai ta zo duba wakenta. Ta shimfiɗa ɗan buhu a bayanmu, ta zauna ta ba hanya rabin baya.

Samari suka yi ta wucewa, wasu na gudu, wasu na jan ƙafa, muna miƙa musu ruwa. Labari ya zo cewa Kailu ya fita ruwa cikin na gaba-gaba, tsohon hannu bai manta ba, amma iskar dawowa ta cinye shi a keke. Azahar ta wuce. Tuluna suka kusa ƙarewa. Sai ga motar da ke bin baya tana kwashe waɗanda suka gaza, ta zo ta tsaya a bakin burtali, inda ke da fili, cike da samari masu sunkuyar da kai. Direba ya ce saura mutum ɗaya.

Can sai na hango Kailu tafe. Ba gudu yake ba, ba tafiya ba, ƙafar hagu ta ƙage yana jan ta. Leɓensa ya yi fari. Ya iso inuwa ya zube, na zuba masa ruwa a ka, na ba shi ya sha. Mata suka kewaye shi. "Tashi, Kai-rabi! Saura kaɗan, Kai-rabi, ga gari can!" Ku ji fa, wai ƙarfafa shi suke yi. Na daka musu tsawa, na durƙusa na ce, "Kailu, tashi, kar ka ba ni kunya." Ya dube ni, idanunsa jawur, ya ce, "Bar ni, Laraba. Sunan ya bi ni." Ya kwance igiyar takalmi, ya dafa aduwa ya miƙe, ya nufi motar. Direba ya sauko ya buɗe masa baya.

"Kai!"

Muryar tsohuwa ce, ba ƙarfi, amma duk muka juya wajenta. Gwaggo ta miƙe a kan sandarta, ta juyo gaba ɗaya tana fuskantar hanya. Kailu ya tsaya, hannunsa ɗaya a jikin mota, bai waiwayo ba. Ya taɓa jin wannan a wurin nan.

"Kai..." Na ga maƙogwaronta na motsi. Matan ƙauyenmu duk suna wurin, sa'o'inta da surukanta da jikoki, kowa ya zuba mata ido. Ta runtse nata.

"Kailu. Ba nan ba ne. Ga hanya can."

Ta faɗa ta ja mayafi ta rufe fuska, ta koma ta zauna. Wata tsohuwa ta ce la'ilaha illallahu. Ni kuwa kuka ya ƙwace mini, irin mai majina, a gaban kowa.

Kailu ya waiwayo. Sannan ya saki motar, ya sunkuya ya ɗaure takalminsa. Ya juyo, ya ɗan rusuna ta wajen da take, ya ce, "Na ji, Yaya." Ya kama hanyar Filinge yana jan ƙafa. Direba ya rufe mota ya bi shi a hankali, ni ma na tattara zane na bi su, ina zaginsa duk inda ya rage sauri.

Gab da magariba muka shiga gari. An riga an raba kyaututtuka, an kwashe kujeru, magajin gari ya tafi. Mushe Tahiru kaɗai ya rage a filin, zaune a kan wani benci. Da ya hango mu ya tashi, ya ja layi a ƙasa da ƙafarsa, ya sa usur a baki. Kailu ya taka layin, aka busa masa.

Da sati ya zagayo ya sayi rago, ya kira liman da maƙwabta da sassafe, ya raba goro. Aka tambaye shi wa ya haihu. Ya ce ba kowa, sunansa ake yi, an ɗan makara ne. Mutane suka yi dariya, suka ci nama, kuma har gobe wasu Kai-rabi suke ce masa, baki ya riga ya saba. Ba ya ko ɗaga kai.

Ni aka ba cinyar ragon in kai Tungar Sahabi. Na tarar da Gwaggo tana tsince wake a faifai. Na ajiye a gabanta na ce ga naman suna. Ta dube shi, ta dube ni, ta goge ido da bakin mayafi. Ba ta sake faɗin sunan ba har ta koma ga Allah, kuma shi bai sake nema ba.

"Ki ce ma wancan na gode," in ji ta.